Ra'ayi: Minsharin kare, ƙarancin oksijin da hawan jinin huhu

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo: ɗan ƙaramin kare mai faffaɗar fuska da guntun hanci, yana gyangyaɗi a zaune, yana sharar minshari kamar ƙaton da ya wuni yana dako a kasuwa. Masu kallo su yi ta dariya, su tura wa abokai. Wasu ma daga nan suke ƙulla niyyar sayen irinsa.

Abin da likitan dabbobi ke gani a wannan bidiyo daban ne. Karen da ke barci a zaune, ko yake tokare haɓarsa da wani abu kafin ya runtsa, sau da yawa yana yin haka ne don kada hanyar numfashinsa ta toshe. Kuma duk lokacin da iska ta kasa isa huhu yadda ya kamata, akwai abin da ke faruwa a ƙirjinsa wanda ido ba ya gani. Jijiyoyin jinin huhu suna tsukewa, jini yana hawa a cikinsu, zuciya tana ƙara shan wahala.

Akasarin abubuwan da ke hana kare isasshiyar iska a gidajen Najeriya suna da hannun mutum a ciki: irin karen da aka zaɓa aka saya, wurin da aka ajiye shi, tarin da aka ƙyale ya daɗe, da ƙibar da aka ɗauka alamar jin daɗi ce. Tunda hannun mutum ne ya ɗaura, shi ya kamata ya kwance.

Hawan jinin da ba a aunawa a hannu

Idan aka ce hawan jini, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne wanda ake aunawa a damtse, a ce wane 120 bisa 80 ne. Wannan ƙarfin jinin da ɓangaren hagu na zuciya ke turawa zuwa kai, ciki da gaɓoɓi ke nan.

Akwai wata hanyar jini ta biyu, gajera, wadda ta tashi daga ɓangaren dama na zuciya ta shiga huhu, jini ya ɗauki iskar oksijin ya dawo. Mutum da kare duk haka tsarinsu yake. A wannan hanya jini na tafiya ne cikin sauƙi. A jikin lafiyayyen kare matsakaicin ƙarfinsa bai wuce kusan 15 ba a ma'aunin da ke ba da 120 ɗin nan. Idan ya haura 25 ya zauna a haka, likitoci kan ce an samu hawan jinin huhu.

Saboda aikinsa mara nauyi ne, bangon ɓangaren dama na zuciya siriri ne, bai kai na hagu kauri ba. Ba a yi shi don tura jini cikin matsattsiyar hanya ba. Na'urar awon da ake ɗaurawa a hannu ko a ƙafar dabba ba ta ganin wannan matsala ko kaɗan. Kare zai iya samun awo mai kyau a ƙafa alhali huhunsa na cikin matsi.

Dabarar mai noman rani

A sauran sassan jiki, idan oksijin ya yi ƙaranci jijiyoyin jini buɗewa suke yi domin jini ya ƙara kwarara wurin. Huhu akasin haka yake yi. Duk sashen da iska ba ta isa ba, ƙananan jijiyoyin da ke wurin sai su tsuke.

Wanda ya taɓa ganin ban ruwa a Kadawa ko a fadamun Sakkwato zai gane hikimar. Mai noman rani ba ya sakin ruwa zuwa fangalin da babu shuka a cikinsa. Toshe bakinsa yake yi da ƙasa, ya karkata ruwan zuwa inda tumatir ko albasa suke. Haka huhu ke yi da jini. Idan majina ko ciwon nimoniya ya toshe wani ɗan sashe, sai ya rage jinin da ke zuwa wurin, ya tura shi inda iska take, don kada jini ya yi tafiyar banza ya dawo babu oksijin.

Siraran tsokokin da ke zagaye da jijiyoyin su ne ke jin ƙarancin da kansu, ba sa jiran umarni daga ƙwaƙwalwa. Cikin daƙiƙoƙi suke fara tsukewa, kuma idan iska ta dawo sai su saki. Wannan tsari na daga cikin abin da ke rage jinin da ke shiga huhun ɗan tayi a ciki, har zuwa lokacin da zai ja numfashin farko jijiyoyin su buɗe.

Matsalar tana tasowa ne idan huhun gaba ɗaya ya rasa isasshiyar iska. A nan kowane sashe zai tsuke nasa jijiyoyin, babu kuma inda za a karkata jinin. Kamar a toshe bakin kowane fangali ne alhali injin ban ruwa na ci gaba da aiki. Ruwa zai matsu a cikin tiyo, inji ya ɗauki zafi.

Idan abin na ɗan lokaci ne, jiki yana komawa daidai. Idan ya ɗauki watanni yana maimaituwa dare da rana, bangon jijiyoyin yakan yi kauri, hanyar ta ƙuntata ta zauna a haka. Ɓangaren dama na zuciya zai yi kauri shi ma don ya iya turawa, daga baya ya saki ya gaji. Daga nan jini ya fara taruwa a baya, hanta ta kumbura, ruwa ya cika ciki. A wannan mataki magani sai dai ya rage wahala. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita.

Ilimin da aka samo daga jikin dabba

Wannan sani ya haura shekara 100. A 1894 wasu masana biyu a Landan, John Rose Bradford da Henry Dean, suka wallafa binciken da suka yi a kan karnuka, inda suka lura cewa jini na hawa a jijiyar huhu idan numfashi ya yanke. A 1946 Ulf von Euler da Göran Liljestrand a Suwidin suka gwada a jikin kyanwa, suka kuma kawo bayanin cewa huhu na yin haka ne don ya daidaita jini da iska.

Shekara ɗaya bayan nan, a 1947, likitoci a birnin New York, cikinsu har da André Cournand, suka nuna cewa jikin mutum ma haka yake yi idan ya shaƙi iskar da aka rage wa oksijin. Cournand na cikin mutum uku da suka samu lambar yabo ta Nobel a 1956 saboda dabarar zura siririn bututu cikin zuciya don a yi awo.

Makiyaya kuwa sun riga masana ganin abin da idonsu. A tsaunukan jihar Colorado ta Amurka, shanun da ake hawa da su kiwo sama da mita 2,000 wasu kan kumbura a ƙirji su mutu. An rubuta bayanin cutar tun 1915. Daga baya aka gane cewa ƙarancin oksijin na kan tsauni ne ke tsuke jijiyoyin huhunsu har zuciya ta gaza.

Kare da tsauni

A kan tsauni kason oksijin a cikin iska yana nan kashi 21 cikin 100 kamar a ƙasa, sai dai iskar ba ta da nauyi, don haka abin da ke shiga jini a kowane numfashi ya ragu. Amma dabbobi ba ɗaya suke ba wajen jure wannan. Wani bincike da aka wallafa a 1975 daga Colorado ya kwatanta dabbobi iri-iri, ya gano cewa maruƙa da aladu su ne jininsu ya fi hawa, tumaki da karnuka kuma su ne suka fi jurewa. Dalili shi ne tsokar da ke jikin jijiyoyin huhun kare ba ta kai ta saniya kauri ba.

Akwai ma karen da ya zarce saura. Babban karen makiyayan Tibet yana rayuwa a tudun da ya haura mita 4,000, kuma masana sun gano sauyi a wani ƙwayar halittarsa mai suna EPAS1 da ke taimaka masa zama a wurin.

A Najeriya, Jos na kan tudun kusan mita 1,200, Mambila kusan 1,600, tsaunin Chappal Waddi da ya fi kowane tsawo a ƙasar kuma mita 2,419. Lafiyayyen kare ba shi da abin tsoro a zaman Jos ko Gembu. Wannan ya sa idan aka ga kare a Kano ko Abuja yana fama da ƙarancin oksijin, sai a nemi dalilin a cikin jikinsa da kuma gidan da yake zaune.

Guntun hanci a ƙasar zafi

Karnukan da ake yayi a manyan birane yanzu sun haɗa da Pug, Bulldog na Ingila, Bulldog na Faransa, Shih Tzu da Pekingese. An daɗe ana haɗa su barbara da gangan don fuskarsu ta baje kamar ta jariri. Ƙashin fuska ya gajarce, amma naman da ke ciki bai ragu ba. Sai aka samu ƙofofin hanci matsattsu, naman ganɗa mai tsawo da ke faɗawa kan maƙogwaro, wani lokaci da siririyar hanyar iska. Ƙarar da ake ji ana dariya ita ce iska ke kokawar wucewa. Binciken jinin irin waɗannan karnuka ya nuna oksijin ɗinsu na ƙasa da na masu dogon hanci.

A Birtaniya, wani nazari da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2022 ya nuna matsakaicin tsawon rayuwar kare a ƙasar ya ɗan haura shekara 11, amma na Pug da Bulldog na Ingila bai kai shekara 8 ba. Numfashi ba shi kaɗai ne dalili ba, amma yana cikin manya. Ƙasar Holan tun 2019 ta fara aiwatar da ƙa'idar hana haɗa barbarar karen da tsawon hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon kansa ba. Kamfanonin jiragen sama da dama sun daina ɗaukar irin waɗannan karnuka a ɓangaren kaya.

Wannan a ƙasashen sanyi ke nan. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, kuma hakin na buƙatar buɗaɗɗiyar hanya. A kawo kare mai toshewar hanci Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, a gidan da wuta ke ɗaukewa na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, an ɗora masa abin da jikinsa ba zai iya ba. Yawan hakin kuma yana kumbura maƙogwaro, hanyar ta ƙara tsukewa.

A kwatanta shi da karen 'yan farauta na ƙasar Hausa, ko Azawak na Buzaye a tsakanin Nijar da Mali: dogon hanci, zurfin ƙirji, ba kitse. Wannan siffa ita ta dace da rana da ƙura. Abin takaici shi ne wanda ya dace da ƙasar shi ake rainawa, wanda bai dace ba shi ake zuba wa kuɗi.

Tari, tsutsa da ƙiba

Karen gida mai dogon hanci ma bai tsira gaba ɗaya ba. Ciwon huhun da ba a yi wa magani ba, ko tarin da ya daɗe, kan lalata hanyoyin iska har oksijin ya riƙa yin ƙasa kullum. Karen da aka ɗaure kusa da murhun itace, ko a lungun da janareto ke fitar da hayaƙi, ko a kejin kwano mara taga, kullum huhunsa na shan abin da ke ƙara masa ciwo. Ƙurar hunturu kuma tana tsananta wa wanda dama yake tari.

Sai tsutsar zuciya, wadda sauro ke ɗauka daga wani kare zuwa wani, kuma an sha samun ta a karnukan Najeriya. Tana ɗaukar kusan wata 6 kafin ta girma, tsawonta kan kai santimita 30, kuma mazauninta shi ne jijiyoyin jinin huhu. Ita kai tsaye take ɓata bangon jijiyar tana toshe hanya. Idan ƙarancin oksijin ya haɗu da ita, nauyin da ke kan zuciya ya zama biyu.

Ƙiba ma tana da nata rabon. Kitse a wuya da ƙirji yana hana huhu buɗewa sosai, musamman lokacin barci. Karen gadi da aka ɗaure wuri guda ana tura masa ragowar tuwo da shinkafa, ba ya motsi, ba gata aka yi masa ba.

Gaskiya ne ba kowane hawan jinin huhu ne ke zuwa daga ƙarancin iska ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar ƙwararrun likitocin dabbobi ta Amurka ta wallafa a 2020 sun kasa dalilan gida 6. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani shi ne lalacewar murfin ɓangaren hagu na zuciya a tsofaffin ƙananan karnuka, wanda ba laifin kowa ba ne. Amma ciwon numfashi da tsutsa suna cikin jerin, kuma su ne mai kare ke da ikon hanawa.

Alamomin da bai kamata a raina ba

Alama ta farko ita ce saurin gajiya. Karen farautar da ya saba zama a gaba sai ya koma baya, ko ya tsaya yana haki bayan ɗan gudu kaɗan. Sai faɗuwa a sume idan ya yi gudu ko ya yi murnar ganin mai shi, ya tashi bayan 'yan daƙiƙoƙi kamar babu abin da ya faru. Mutane kan ɗauka farfaɗiya ce, alhali jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ne ya gaza na ɗan lokaci.

Harshe da dasashi su ma suna ba da labari. Na lafiyayyen kare jajaye ne masu haske. Idan suka koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, wannan na gaggawa ne. Ciki ya kumbura alhali ƙashin baya ya fito, shi ma alama ce ta cewa abin ya yi nisa.

Akwai awon da kowa zai iya yi da agogon wayarsa. Idan kare ya yi barci sosai a wuri mai sanyi, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya. Lafiyayye yawanci ba ya kai 30. Idan kullum yana haura haka, lokacin ganin likita ya yi.

Likita na tabbatar da cutar ne da hoton ƙirji, gwajin jini don tsutsa, da kuma na'urar sikanin zuciya, wadda ke auna gudun jinin da ke komawa baya a ɓangaren dama. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, wanda aka amince da shi don hawan jinin huhun mutane tun 2005. Yana sassauta jijiyoyin huhu. Sai dai samun sa a kemis ba dalili ba ne na mai kare ya zama likitan kansa. A wasu karnukan masu ciwon ɓangaren hagu na zuciya, buɗe jijiyoyin kan iya sa ruwa ya taru a huhu.

“Mutane ma ba su samu ba, sai kare?”

Wannan tambaya ce da dole ta taso, kuma tana da nauyi. A ƙasar da iyalai ke fafutukar neman tukunyar oksijin don marar lafiyarsu, maganar huhun kare na iya zama kamar rainin hankali.

Amsa ta farko ita ce babu wanda aka tilasta wa ajiye kare. Wanda ya ajiye shi don gadi, farauta ko tsaron dabbobi yana cin amfaninsa, wanda ya saya don sha'awa kuma shi ya kai kansa. Ko ta wace hanya, dabbar da aka ɗaure ba ta da ikon nema wa kanta inuwa ko iska, haƙƙinta na wuyan wanda ya ɗaure ta. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne a kowace makarantar Islamiyya.

Ta biyu, abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Inuwa, ruwa, nesa da hayaƙi, allurar rigakafi da maganin tsutsa duk ba su kai kuɗin da ake sayen ɗan kwikwiyon waje ba.

Ta uku, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hayaƙin itace da na janareto da ke cutar da huhun kare a tsakar gida shi ne matar gida da goyonta ke shaƙa. Tsukewar jijiyoyin nan ita ce ke gajiyar da zuciyar dattijon da ya daɗe da ciwon huhu, da mai ƙibar da numfashinsa ke yankewa cikin barci. Gidan da ya koyi lura da numfashin dabbarsa zai fi saurin lura da na mutanensa.

Abin da ya rage a yi

Mai niyyar sayen kare ya fara duba hanci kafin launi. Ya nemi ganin uwar da uban, ya saurari numfashinsu bayan sun ɗan yi tafiya. Idan ana jin gurnani daga nesa, ya haƙura. Masu kiwon karnuka don sayarwa kasuwa suke bi, ranar da masu saye suka daina biyan kuɗi don bajajjiyar fuska, su ma za su daina samar da ita.

Wanda ya riga ya mallaki mai guntun hanci, ya rage masa ƙiba, ya daina fita da shi da rana tsaka, ya sauya igiyar wuya da ɗamarar ƙirji. Akwai tiyatar faɗaɗa ƙofar hanci da rage naman ganɗa, kuma ta fi amfani idan an yi ta tun kare na ƙarami. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za a iya neman shawara.

'Yan farauta da makiyaya, waɗanda karnukansu ke kwana a waje cikin sauro duk damina, su ne suka fi buƙatar bayani kan tsutsar zuciya. Duk lokacin da jami'an lafiyar dabbobi suka fita allurar ciwon haukan kare, dama ce ta su saurari ƙirjin karen, su yi wa mai shi bayani da Hausa. A kuma gwada jini kafin a fara maganin rigakafin tsutsar, domin ba shi ga karen da ya riga ya kamu ba tare da kulawar likita ba na iya jawo masa illa.

Hukumomin da ke kula da aikin likitancin dabbobi kuwa, lokaci ya yi da za su fitar da ƙa'ida kan kiwo da shigo da karnukan da ba sa iya numfashi da kyau ko a ƙasarsu ta asali.

Kare ba zai buɗe baki ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi ba. Minshari, haki da suma su ne iyakar abin da zai iya nunawa, kuma galibi yakan nuna su watanni kafin cikinsa ya kumbura. A waɗannan watanni ne mai shi ke da damar yin wani abu.